Kunyar da Ta Kayar da Surukina Daga Kan Keke

A shekarun nan da man fetur ya fi ƙarfin talaka, ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Tofa. Aurena bai daɗe ba, ɗanmu na fari ma yana goye. Ina da babur, amma da abin ya ci tura sai na jingine shi a zaure na lulluɓe shi da buhu, har kaji suka mai da shi wurin kwana. Na nemi tsohon keke na saya. Da farko kunya nake ji, don ɗalibaina har leƙe suke ta taga suna dariya idan na shigo ina haki. Daga baya kuma sai na sami kaina ina son abin. Na daina bin titi, na koma bin burtali da ƙananan hanyoyin cikin gonaki, inda babu tifa, babu a-daidaita-sahu, babu mai danna maka oda a keya. Ka hau tudu da kyar, ka saki feda a gangara iska tana kaɗa maka riga, ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar sarƙa. Wanda za ka haɗu da shi bai wuce mai jaki da mangalar taki ba, ku gaisa kowa ya wuce. A wannan wahalar, wannan tafiyar ce kaɗai hutuna, har na fara cika baki cewa babu wata hanyar ƙauye a arewacin Kano da ban sani ba.

Surukina manomi ne, dattijo mai ƙarfin hali, wanda tun yana saurayi da keke yake kai gyaɗa kasuwar Ɗanbatta. Matata ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya faɗa, saboda haka kunyar da ke tsakanina da shi ta ninka ta sauran surukai. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa shan ruwa yana kallo ba, shi ma haka. Idan na je gaishe shi, ni ina durƙushe ina kallon ƙasa, shi yana kallon katanga, mu tambayi gida da gona, shi ke nan hira ta ƙare. Ina ƙaunarsa ƙwarai, kuma na san yana ji da ni, amma babu wanda ya taɓa faɗa wa wani.

Cikin bazara, ana tsakiyar sharar gona, aka aiko cewa mijin yayarsa ya rasu a wani ƙauye kafin a kai Ɗanbatta. Dole mu je ta'aziyya, ga shi motocin haya sun yi ƙaranci, wadda ta samu kuma kuɗinta ba na irinmu ba ne. Ni ne na aika masa ta bakin surukata cewa na san hanyar cikin gonaki da za ta kai mu a keke ba tare da mun taka kwalta ba. Ya aiko cewa Allah ya kai mu. Da safe matata ta ɗaura mini jarkar ruwa da kwanon fura a kariyar bayan keke. Ta riƙe kan keken ta ce in saurare ta da kyau: Baba yana da hawan jini, ya kuma daɗe bai sayi magani ba, kuma ta san halinsa, ko zai mutu ba zai ce ya gaji ba. Ta ce in riƙa tsayar da shi a inuwa yana hutawa. Na yi dariya na ce mutumin da ya girme ni a kan keke ne zan koya wa tafiya? Ba ta yi dariya ba.

Muka kama hanya, shi a gaba ni a baya, don ba zan wuce surukina ba. Idan an zo mararraba sai in ɗaga murya kaɗan in ce dama ko hagu. Da sanyin safiya tafiyar ta yi daɗi. Ƙasar tana hawa tana sauka a hankali, gonaki an share su tas, ga tarin taki nan jefi-jefi, ga ɗorawa da gawo ko'ina. Amma da rana ta ɗaga sai hanya ta canza mana fuska. Rairayi ya fara riƙe taya, iskar da ke busowa kamar daga bakin murhu. Na lura bayan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Muka zo wata babbar tsamiya mai inuwa, na buɗe baki zan ce mu tsaya, sai na ji nauyi. Idan na ce ya huta, kamar na ce masa ya tsufa ke nan. Idan na ce ni ne na gaji, wane irin miji ya ba 'yarsa? Kuma ko mun tsaya, wa zai fara kai jarka baki a gaban wani? Na haɗiye maganar, tsamiya ta wuce. Na ga ma kamar ƙara sauri yake yi, sai na ce a raina tsohon nan ƙarfe ne, ni ma na ƙara taka feda don kada a bar ni a baya. Haka muka wuce inuwa bayan inuwa, maƙogwarona ya bushe, ruwa yana ta kaɗawa a jarka a bayana.

A kan wani dogon tudu abin ya faru. Na ga kekensa ya fara tangaɗi, ƙafarsa ta dama ta zame daga feda, sai kawai ya kife gefen hanya a kan tarin kara. Na yar da nawa keken na ruga. Idonsa a buɗe, bakinsa ya karkace, yana son magana ba ta fita. A ranar na fara taɓa jikin surukina. Na ɗora kansa a cinyata ina zuba masa ruwa ina kiran Baba, Baba, ina salati. Na ɗaga kai na duba gabas da yamma, babu kowa, duk manoma sun gudu gida saboda rana. Shirun nan da nake yabo kullum, ranar ji na yi kamar zai haukata ni. Na kira wani ɗan acaɓa da na sani a waya, ya rantse mini ko ɗigon mai babu a tankinsa. Na ja Baba zuwa gindin wata ɗorawa, na hau keke na nufi wani ƙauye da na hango rufin kwanonsa, ina ihu tun kafin in isa.

Allah ya saka wa mutanen ƙauyen nan da alheri. Wani magidanci ya ɗaura wa shanunsa amalanke, aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da shi, ni ina riƙe da rawaninsa a samansa ina yi masa inuwa. Wanda bai taɓa bin tafiyar shanu da mara lafiya a gabansa ba bai san tsawon hanya ba. Da muka fito titi kuma muka zauna jiran mota, wadda ta zo a cike take, wata ko tsayawa ba ta yi. Sai bayan la'asar muka isa asibiti. Likita ya duba shi ya ce jininsa ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa, ya ce da an kawo shi da wuri da wataƙila abin bai kai haka ba. Ta'aziyyar da ba mu je ba ke nan, sai ma masu makokin ne suka zo duba mu.

Baba ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Gonar da ya ci da iyalinsa da ita tsawon rayuwarsa ba ya iya zuwa ko bakinta. 'Ya'yansa maza ƙanana ne, saboda haka jinyar ta dawo kaina. Ni nake ɗaga shi, ni nake yi masa wanka, ni nake ba shi koko a baki da cokali, in tashi daga nan in tafi makaranta, in dawo in shiga gonarsa. Na gaji, wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Matata ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da harshensa ya ɗan saki, wata rana ina goge masa baki ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya. Da kyar na gane abin da yake cewa. Ya ce tun a tsamiyar nan ya fara ganin duhu-duhu, ya so ya tsaya. Amma yana jin ƙarar kekena dab da bayansa, sai ya ɗauka tare mini hanya yake yi, ya ji kunyar ya ɓata wa yaro lokaci, shi ya sa ya ƙara sauri. Ashe ni nake kora shi ban sani ba. Ya ce in yafe masa wahalar da ya ɗora mini. Na fita bayan ɗaki na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Ban rubuto wannan don in zagi kunya ba, da ita aka raine mu kuma ina son 'ya'yana su tashi da ita. Amma na gane akwai inda girmamawa take komawa cutarwa. Duk wanda tsadar rayuwa ta mayar kan keke, musamman in zai yi doguwar tafiya da babba, kada ya fita cikin tsakar rana, kuma ya tuna hanyar da babu mota ba ta da mai kai ka asibiti. Kada ka jira dattijo ya ce ya gaji, ba zai faɗa ba. Kai ka sauka, ka ce tayarka ce ta sace, ka miƙa masa ruwa ka juya baya ya sha. Ƙaryar nan ƙarama ita ce na kasa yi, ga shi yau Baba sai an ɗaga shi yake zama.