Kwalba Shida Daga Gonar Surukin Maigida

Elroy Jantjies bai taɓa kurɓar giya ba, amma shekara tara ke nan shi ke zaɓar giyar inabin da masana'antar kwali ta Basson, a garin Paarl, ke rabawa manyan abokan cinikinta duk Disamba. Maigida Basson ya ce shi ya sa ya ba shi aikin: shi kaɗai ne kwalba ke kwana lafiya a hannunsa.

Hancinsa ke masa aiki, da kunne. Ya san wanda likita ya hana shan jar giya, ya san wanda ba ruwansa da ɗanɗano in dai kwalbar na da nauyi. Musulman cikinsu kuwa zuma da busassun 'ya'yan itace yake haɗa musu.

Bana sai Basson ya ce kowa giyar gonar surukinsa zai samu.

A gonar nan aka haifi Elroy. Yana yaro, sau uku a wuni ake kaɗa ƙararrawa, leburori su yi layi da gwangwani a tsiyaya musu giya a matsayin rabin lada. Ubansa Klaas ya sha har hannu ya kasa riƙe almakashin yankan inabi. Uban Anti Doreen Swarts kuwa, shi ma lebura a gonar, giyar ce ta ci shi, a kwalbati aka tsinci gawarsa. Yau Anti Doreen ke da kamfanin fitar da lemo, rabin kwalin masana'antar ita ke saye.

"Yallaɓai, Anti Doreen dai a ba ta zuma," in ji Elroy.

"Ta musulunta ne ban ji ba?"

"A'a, sai dai..."

"To kai mata kwalba shida, masu tsadar. Kai da ruwan famfo ke bugar da kai, kai za ka koya mini giya?"

Ma'aikata suka kwashe da dariya, Elroy ma ya taya su. Bai taɓa faɗa wa kowa a nan inda ya tashi ba.

Ya kai mata akwatin giyar da kansa da rana tsaka. Ta tarye shi da fara'a.

"Ɗan Klaas! Har yanzu ba ka yi ƙiba ba? Matarka na dafa maka iska ne?"

Ta zaro kwalba ɗaya. A takardar jikin kwalbar an zana ƙararrawar nan, da ruwan zinariya. Ta daɗe tana kallo.

"Basson ya san inda na fito?"

"Bai sani ba, Anti."

"Kai fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shi jahilci ya sa ya aiko. Kai kuwa tare muka bi gawar babana, kana riƙe da zanen uwarka. Ɗauki kayanka. Kwalin Janairu zan nema a wani wuri."

Da ya koma, Basson na tsaye a bakin ƙofa. Ya ga akwatin, ya ga fuskar Elroy.

"Me ya faru?"

Elroy ya ajiye akwatin a ƙasa, ya faɗa masa duka, tun daga gwangwani har kwalbati, ma'aikata na saurare. Basson ya yi ja har kunnuwa.

"Me ya hana ka faɗa tun da safe?"

"Dariya kuke yi, yallaɓai."

Basson ya ɗauki waya ya kira ta sau uku. Ba ta ɗauka ba.