Sunan Nafi'u a Bakina

Habibu, daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu da nake rubuto maka jikina bai dawo daidai ba.

Ka san duk ƙarshen kakar besbol, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da kulki, nakan yi hasashen waɗanda za su ci kyaututtuka a shirina na rediyo ranar Asabar. Ka kuma san tarihina: shekara huɗu a jere, duk wanda na ambata sai ya sha ƙasa. A gida ƙannena cewa suke ko miya na yaba sai ta yi tsami. Da dariya nake yi. To bana ƙanena Nafi'u, da ke jifa a wata ƙungiya a ƙasar waje, yana cikin mutum ukun da ake sa wa ran kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa. In ya ci za su riƙe shi, in bai ci ba ya tattaro kayansa. Umma ta ce min, "Sani, na haɗa ka da Allah, kada ka kama sunan yaron nan a rediyo." Shi kuma ya bugo waya ya ce, "Yaya, zan saurara. Ni dai in ji ka faɗa da bakinka, ko sau ɗaya." Ni ne na fi kowa hana shi wasan nan, kuma ban taɓa yaba masa ba.

A mafarkin na gan ni a filin besbol, amma filin firamarenmu ne na Zariya, har da mangwaron da Nafi'u ya koyi jifa a kansa. Rana tsaka ce. Mutane maƙil, kowa da rediyo a kunne, ba mai magana. Nafi'u na tsaye kan tudun jifa da rigar ƙungiyarsu, a ƙafarsa silifas ɗin wanka. Ya jefa ƙwallo, ta yi rabin hanya ta tsaya cak a iska. Mai bugu yana jira da kulki a kafaɗa, ba shi da fuska. Wata murya ta ce ta lasifika, "Ana jiran Sani."

Sai kawai ga ni a ɗakin gabatar da shiri, an kwashe kujeru an shimfiɗa tabarmar Umma. Ga kwanoni uku an rufe da faifai, kowane ɗan takara da nasa. Muryar ta ce, "Suna ɗaya za ka faɗa." Umma na gefe tana tsince shinkafa. Na ce, "Umma, in faɗa?" Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Sai wata dabara ta zo min: in ambaci ɗaya daga cikin abokan takararsa, bakina ya kayar masa da shi. Na faɗi sunan. Nan take kwano ɗaya ya kife. Har na fara murna, sai na hango Nafi'u ta gilashi ya sauke rediyo daga kunnensa, ya cire safar hannunsa ya ajiye a ƙasa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Na yi ta dukan gilashi ina cewa, "Dabara ce, don kai na yi!" Jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri ta riga ta mutu, ba mai ji na.

Sai kawai aka mayar da ni fili, ƙwallo na nan a iska yadda na bar ta. Na ce wannan karon sunansa zan faɗa, duk abin da zai faru ya faru. Na buɗe baki na ce, "Na…" Ƙwallo ta fara gangarowa ƙasa. Na yi shiru, ta tsaya. Na sake gwadawa, ta ƙara saukowa, saura kaɗan ta taɓa ciyawa. Na nemi wanda zai karɓi makirufo daga hannuna, kowa ya ja da baya. Na so in ajiye, ya manne a tafina. Tsoro ya kama ni sosai, Habibu.

Nafi'u bai sauke hannun da ya yi jifa ba tun ɗazu, yana nan a miƙe. Ya dube ni, ba da lasifika ba, da muryarsa ta gida, ya ce, "Yaya, hannuna ya gaji."

A nan na farka, bakina a buɗe.

Na sani masu zaɓe ne ke jefa ƙuri'a, kuma Allah ne ke bayarwa, bakina ba komai ba ne. Na faɗa wa kaina haka ya fi sau goma tun safe, amma takardar shirin tana gabana ban rubuta ko harafi ba, ga shi Asabar jibi ce. Kai da ka zauna gaban malamai, don Allah gaya min ma'anar wannan. Hannun nan da ya gaji, jiran kyautar ne ya gajiyar da shi, ko jirana?