Kwalbar mai farin ɓera

Shekarar da ɗiyata ta shiga lakwal, wato makarantar boko, kunnenta na hagu ya fara zubar da mugunya. Damina ce, ruwa ya yanke hanyar asibitin Tessaoua, sai na kai ta kasuwar Kona, wurin wani mai maganin da ke baje kwalabe a bayan moto.

Ya ɗaga wata takarda mai hoton farin ɓera. "Malama, wanga antioksidan ne. Nasara sun gwada shi ga ɓeraye, kunnuwansu duk sun warke. Ɗigo ukku, safe da marece."

Ni da nake koyar da Faransanci, ban tsaya na karanta ba. Har yau wannan na cin raina. Na ɗiga mata, ta yi ihu, na danne ta na ƙara.

Da hanya ta buɗe, likita ya leƙa kunnen ya ce dodon ya huje, abin da aka zuba kuma ya ƙone ciki. Ba za ta ƙara ji da shi ba. A ranar na warware takardar da mai maganin ya naɗe kwalbar da ita. Gwaji ne a kan dabbobi kawai, allura ma aka yi musu, ba wanda ya ce a zuba wa ɗan Adam.

Ban jefar da kwalbar ba. Kullum tana cikin jakata, shi kuwa mai maganin ya daina zuwa Kona. Mutane suka ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma na ci gaba da zaga kasuwanni.

Sai bara na tarar da shi a kasuwar Attantané, mata sun kewaye shi, takardar ɓeran nan a hannunsa. Na kutsa, na karɓe ta, na fassara musu layi-layi da ƙarfi. Sannan na miƙa masa kwalbar.

"Ɗigo ukku kac ce. Kawo kunnenka."

Ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Kasuwa ta ɗauki ihu, wata tsohuwa ta kifar da kwalabensa cikin rairayi. Wallahi na ji daɗi, ban kuma ji kunyar jin daɗin ba.

Na iso gida ina ba ɗiyata labari tun daga ƙofa. Tana tankaɗe, ko waiwayowa ba ta yi ba. Sai da na zagaya ta damanta, na sake farowa.