Gemun Sarkin Rum

Ni ɗan maƙeran farfaru ne a Tasawa, tun Nasara ba su shigo ba. A maƙerar babana na tashi, muna ƙera zobe da mundaye. Hannuna na da kyau, sai dai idona ya fi cikina girma. Da ɓurɓushin azurfar mutane na fara, har hannu ya saba.

Wata rana Inna Hajo, Bafillatanar Issawane, ta kawo zinariya a huda mata ta rataya. Wajen wani Balaraben ayari ta saya. Ya gaya mata kuɗin Rumawa ne, waɗanda suka mulki bakin tekun arewa tun kafin zuwan Musulunci. Kowane sarkinsu yakan buga fuskarsa a jikin zinariya ya biya mayaƙa, har yanzu manoma na tono ta a kufai. Na dubi sarkin, ga hanci har baka, haɓa sumul, sai zuciyata ta ce in ɗauke.

Na danna ta a yumɓu, na zuba tagulla, na goge har tana walƙiya. Amma haɓar ta fito da gurzo. Na ce to, dama ina aka taɓa ganin sarki ba gemu? Na sa tsinke na zana masa, ina ganin har gata na yi masa.

Da Inna Hajo ta dawo rumfarmu a kasuwa na miƙa mata ta tagullar, ta juya ta a tafin hannu, ta ce, "Ɗan nan, mi kuka ba shi ya ci? Na kawo shi yaro, ya koma dattijo!"

Kasuwa ta fashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don na san hannun ɓarawo ake sarewa. A gaban alƙali na fito da zinariyar ta gaskiya. Tsohuwar ta ce, "Allah shi gafarta malam, a bar mashi hannu. Wanda ya iya gemun nan ya iya sana'a."

Aka kai ni gidan yari, aka kira maƙeri ya buga mini marin ƙarfe a ƙafa. Babana ne ya zo. Da hannunsa ya buga mini shi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bayan damina aka sake ni, na tuba. Har yau Mai Gemu ake kirana, nakan amsa da dariya. Amma yara, in an ba ku ajiya, ku mayar da ita yadda ta zo. Kada ku sa ubanku ya buga muku mari.