Ƙyallen da Mama ta ɗaura wa keke

Mun tashi da asuba daga Kudenda, ni da direba da makanikenmu, a cikin a-kori-kura da ke tari kamar tsohon mashayin taba. Ga waɗanda ba su san aikina ba: muna karɓar tsofaffin kekunan ɗinki, mu kwance su, mu wanke, mu canza abin da ya mutu, su fito kamar sababbi. Ni aka ɗora wa tsara hanyar tattaro su. Wata guda na yi ina zane a takarda, ina ji da kaina. Tsarin kuwa mai sauƙi ne: ka kawo tsoho, mu zuba shi cikin sauran, bayan sati biyu ka ɗauki duk wanda ya fito. Keke ai keke ne, in ji ni.

Muka ratsa ta Kakuri. A nan aka haife ni. Ina yaro, jiniyar masaƙa ce agogonmu. Tana kaɗawa titi ya cika da ma'aikata a kan kekuna, babana a cikinsu, da kwanon abinci ɗaure a baya. Yanzu ciyawa ta fi katangar tsawo. Mun tsaya shan koko da ƙosai a bakin tsohuwar ƙofar, na biya kuɗin da a da zai ciyar da gidanmu kwana biyu, ƙosan kuma bai kai ƙwan zabo ba. Direba ya ce ƙosai ma yana azumi.

Ta Barnawa muka bi zuwa Narayi. Inda muke zuwa tsinkar mangwaro muna yara duk ya zama gidaje da shaguna, hanya kuwa rami na miƙa ka ga rami. A harabar wani coci zumuntar mata ta tara mana kekuna tara. Ina cikin bayani da fahariya, wata tsohuwa da kowa ke kira Mama ta ɗaga hannu.

"Yarona, tsaya. Wanne za ku dawo mini da shi?"

"Duk wanda ya fito, Mama. Duk sun zama sababbi."

"A'a. Ni ba sabo nake so ba, nawa nake so. Maigidana ya saya mini da kuɗin sallamarsa ranar da aka rufe masaƙa. Da shi na kai yara huɗu makaranta. Ga Kirsimeti na zuwa, kwastomomi na jira, amma gara ya ruɓe a ɗaki da ku ba ni na wata."

Ta yagi bakin tsohon zanenta, ta ɗaura a wuyan keken, ta ƙulle sau uku. Kafin in ankara kowace mace ta ɗaura nata ƙyallen. Na ce to, don kunya, alhali na san a wajen aikinmu abin da ake fara yi shi ne a yanke duk wani tsumma a jefa keke cikin kananzir.

A Gonin Gora mun sami kekuna biyar, muka ci gasasshiyar masara da kwakwa, manyan motocin Abuja na girgiza ƙasa. Can gefe na hango 'yan bola jari suna auna ƙarafa a sikeli. Haka aka yi da keken ɗinkin uwata. Shekarar da babana ya rasa aiki, a gabana aka ɗora shi a sikeli, aka buga masa guduma don ya shiga buhu. Ranar ba ta yi kuka ba, amma har ta rasu, in tana zaune ƙafarta na taka iska. Wallahi na manta da wannan sai ranar nan a Gonin Gora.

Mun iso Kudenda da la'asar. Kafin in gama wanke fuska, wani ma'aikaci ya hau mota da almakashi, har ya yanke ƙyalle ɗaya. Na kurma ihu kamar an taka ni. Na duba, ba na Mama ba ne, kuma makanike ya tuna keken da aka cire shi daga jikinsa. Shugabanmu ya ce bin kowane keke daban zai ninka mana wahala, ga ƙarin tiren zuba sassan kowane keke, ga ƙarin zuwa. Na ce na ji, amma in ba haka ba, karo na gaba mota za ta dawo daga Narayi wayam.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: na zana hanyar da kaya za su zo, ban taɓa tambayar inda suka fito ba. Na yaga takardata na sake wata. Yanzu kowane keke da tirensa, ƙyallensa a ɗaure har ya fita.

Bayan sati biyu ni da kaina na kai wa Mama nata. Ba ta kalli sabon fentin ba. Ƙullin ta fara shafawa, ta ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ta zauna ta ɗora ƙafa.