Tiyon da Na Kusa Hurawa

A gonarmu ta rani a Bunkure, idan tiyon ban ruwa ya toshe, baki muke sa masa mu hura. Haka na taso na ga mahaifina yana yi.

Da na samu aiki a wani kamfanin sarrafa tumatir, aka ba ni kula da ɗan famfon da ke ɗiga sinadarin kashe ƙwayoyin cuta cikin ruwan wanki. A satina na biyu siririn tiyonsa ya toshe. Ban yi wata-wata ba na kai hannu zan cire in hura. Dattijon da ke koya mini aikin ya kaɗe hannuna da hularsa.

"Kai, ɗan nan! Ka gaji da leɓenka ne?"

Ya sa na kashe wuta, muka sa safar hannu da tabarau, muka cire tiyon a hankali, sannan muka wanke famfon da ruwa mai tsabta. Ɗigon sinadarin ɗaya ne ya faɗa kan hularsa, ya cinye launin wurin fes.

Yau ni ke riƙe da famfon, leɓena lafiya lau. Da dattijon zai yi ritaya, hular na roƙa.