Kujerar Hagu ta Daw Ngwe

Katangar gora ce kawai tsakanin gidana da na Daw Ngwe, a bayan garejin manyan motoci na unguwarmu a Mandalay, don haka ko atishawa ta yi ni nake fara sani. Ni ce Ma Thaung, mai shayi a bakin gareji. Ta ce in na kuskura na rubuta labarinta sai ta zuba mini gishiri a tukunyar shayi. To ga shi na rubuta. Gishirin ma a wurina take zuwa aro.

An haife ta a wani ƙauye kan hanyar Lashio, inda uwarta ke sayar wa direbobi dafaffiyar masara in sun tsaya injinsu ya huce. Tun ba ta kai tsawon taya ba take gane mota da kukanta kafin ta fito daga kwana. A nan mijinta U Tha Din ya fara ganinta, lokacin yana saurayin direba siriri kamar sandar giyar mota. Ya sayi masara, ya dawo ya sayi masara, har sai da masara ta fara ɓata masa ciki sannan ya iya buɗe baki ya faɗi abin da ke kawo shi.

Kun dai san yadda muke a ƙasar nan. Hannun dama muke bi a titi, motocin kuma tsofaffin Japan ne, sitiyarinsu shi ma a dama. Direba yana zaune ta gefen daji yana kallon awaki da masu shanyar barkono, abin da ke tahowa ta tsakiyar titi kuwa sai na kujerar hagu ne ke ganinsa. In zai wuce motar gabansa, sai an leƙa an faɗa masa. Sauran direbobi yaron mota suke sa wa wannan aiki. U Tha Din ya gwada, wani barci, wani ya ce masa "wuce" idonsa na kan 'yan mata. Ba a daɗe da bikinsu ba Daw Ngwe ta bi shi tafiya, ta ga abin da idonta, ta kora yaron can saman lodi ta zauna. Tun ranar ba ta bar kujerar nan ba sai da haihuwa ta sauke ta, ita ma da ta yaye abin da ta haifa ta miƙa wa uwarta ta koma.

A hanya ba ta da yawan magana. "Tsaya." "Tsaya dai." "Wuce." In ta ce wuce, ƙafarsa tana riga kunnensa ji. Sun haura shekara talatin a haka, tsakanin Mandalay da Muse a iyakar Caina, ko madubi ba su taɓa gogawa da wani ba.

Duk maganar da ta tara a hanya a shagona take zazzage ta. Da yamma direbobi su cika benci, a kawo kwaɗon ganyen shayi, a fara musun mota. In musu ya yi zafi sai a juya wurinta, don babu irin motar da ba ta hau ta zauna a ciki ba a filin lodi na iyaka.

"Daw Ngwe, raba mu. 'Yar Indiya fa?"

"Jaka ce. Loda mata dutse ma za ta hau, amma sifirin ɗinta sai ya haɗa maka ƙoda da haƙori. Ga oda kamar an taka wutsiyar giwa."

"Ta Tailan?"

"Wannan ai 'yar kwalliya ce. Fitila a goshi, fitila a kunne, madubi kamar shagon aski, bodin katako an sassaƙa masa furanni. Su sun huta, sitiyari a dama, titi a hagu, matansu na gida suna ƙiba."

Ta Turai sau ɗaya ta taɓa zama a ciki. Ta ce kujerar a kan iska take lilo, ka ji kamar kana cinyar kakarka, amma in ta lalace mai guduma ba ya taɓa ta, sai an nemo mai kwamfuta. Ta Amurka a kalandar mai aski kawai ta gani, ta ce wannan dogon hancin zai riga direba isa Lashio, a kwane-kwanen hanyar dutsen Gokteik kuwa sai dai a yanke shi. Tasu 'yar Japan mai taya goma, mai shafaffiyar fuska, ita ce kullum ta ɗaya: ba ta da ci, ba ta da ƙorafi, inji a ƙarƙashin kujera, in ta ɗora kwanon shinkafa a kan murfinsa da safe har rana da ɗuminta.

Ta Caina ce kaɗai ba ta son a tayar da maganarta. Ni kuwa na lura, shi ya sa kullum nake tayarwa.

"Yaya, kin manta ɗaya. Doguwar nan mai sitiyari a hagu, wadda direba ke ganin hanyarsa da kansa."

"Ke Thaung, shayinki ya yi ruwa. Je ki duba wutarki."

Ruwa ba ya tsami banza. Aka hana shigo da masu sitiyarin dama, tsofaffin suka fara ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Rannan sai ga U Po Kha, mai motocin garejinmu, ya shigo da sabuwa fil daga iyaka, ja, mai taya goma sha biyu, kujerunta ko leda ba a cire ba. Ya miƙa wa U Tha Din makulli don shi ne babba a cikin direbobinsa. Motar tana da sanyi a ciki, tana da gado a bayan kujera, kulocinta ko da yatsa sai ka danna. Amma da sharaɗi: direba biyu za ta riƙa ɗauka, ɗaya na tuƙi ɗaya na hutawa, don lodin kankana ya isa Muse kafin ya yi laushi. Kujera biyu ce a ciki. Ta biyun ta abokin tuƙi ce.

Daw Ngwe ta zagaya motar hannu a ƙugu. Ta ce hawanta sai da tsani. Ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce gwangwanin madarata ya fi ta kauri. Ta ce mota mai gado ai ta ragwaye ce. Ba abin da ta bari, har launin.

Amma da magariba, ina wanke kofuna a jikin katanga, na ji tana shafa wa mijinta mai a gwiwa. Gwiwar nan ta hagu kulocin tsohuwar mota ya gama da ita, in ya dawo tafiya takan kumbura kamar gwanda.

"Karɓi motar, tsoho," in ji ta.

"Ke fa, Ma Ngwe?"

"Ni na gaji da kallon bayan motocin mutane. Zan zauna in yi kiwon kaji, in taya Thaung gulma. Ita kaɗai aikin ya yi mata yawa."

Na yi tari don su san ina nan. Ta ce, "Ai na san kina nan, kunnen jemage."

U Tha Din ya tafi da Ko Nyo, wani direba mai ƙiba da ba ya iya riƙe magana. Ita kuma ta dawo shagona ta kafa zama a ƙarshen benci ta hagu, fuskarta na kallon titi. Kaji ko ɗaya ba ta saya ba. Duk wanda zai tsallaka sai ya ji ta. "Tsaya! Tsaya dai! Wuce." Mai kayan miya, mai keke, har layin sufayen Buddha da suka fito karɓar shinkafar safe sai da ta tsayar da su, babbansu ya waiwayo ya kalle ta, ta haɗa hannu ta sunkuya. Wani kare ma ya saba, in ya zo bakin titi sai ya ɗaga kai ya jira.

Na ce, "Yaya, in samo miki usur da farar safar hannu?"

Ta yi dariya, amma shayinta a gabanta yake hucewa. In ta ji kukan babbar mota daga nesa sai ta karkata kai, ta saurara, ta gyara zama.

Ranar dawowarsu ta zo ta wuce. Sai washegari da hantsi jar motar ta shigo gareji. Ko Nyo ya diro, bai ko wanke fuska ba ya nufo benci, direbobi suka kewaye shi.

"Ku bar ni in sha ruwa. Tarakta! Tarakta mai ɗauke da kabeji muka bi tun daga gindin dutse har Kyaukme. Titi fetal, ko kaza babu. Na ce Baba wuce mana. Ya ce to. Ya sa sigina, ya fito, ya koma. Na ce wuce! Na ma ƙanƙance murya na yi irin ta mata. Ya kalle ni ya ce, taka ba ita ba ce. Har mai taraktan ya tsaya ya tambaye mu ko kabeji muke so."

Benci ya kusa karyewa don dariya. Ni har da riƙe ciki. U Tha Din ya zo ya zauna a gefe, ya ɗaure zaninsa irin na mazanmu da kyau, ya karɓi shayi.

"Ina gani sarai," ya ce a hankali. "Ƙafar ce ba ta yarda ba."

Sabo turken wawa, in ji wani daga baya. Daw Ngwe ta waiwaya, mai maganar ya nutse cikin kofinsa.

A gida ya ce zai mayar da makulli ya karɓi tsohuwar motarsu. Ta ce ya mayar ɗin, amma ya fara nemo wanda zai ara masa gwiwa. Da safe ta ɗaura zaninta na zuwa haikali, ta shafa sabon tanaka, hodar icen da matanmu ke kwalliya da ita, a kumatu, ta haɗa kwaɗon ganyen shayi da gyaɗa da soyayyar tafarnuwa a faranti. Ni na ɗauki farantin. Ba wanda ya sa ni, amma ina za a yi wannan ba ni?

U Po Kha yana ofis fuska a murtuke, don kankanarsa ta makara. Ya ga faranti ya ɗan sassauta.

"Inna, na san abin da ya kawo ki. Muse sai da direba biyu, ba ni da yadda zan yi."

"Wa ya ce maka Muse, ɗana? Lashio fa? Lodin taki da siminti. Ba sa laushi, direba ɗaya ke kai su."

"Haba Inna, wannan ai hanyar masu koyo ce. U Tha Din babban direbana ne. Dariya za a yi masa."

"An riga an yi. Tambayi wannan," ta nuna ni da haɓa. "Ita ta fi kowa buɗe baki."

Na ce gaskiya ne, kuma ban gama ba.

Ya ɗebi kwaɗo ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Can ya ce wata sabuwar tana hanya, ita sai ta yi Muse da Ko Nyo. Wannan ta yi Lashio. Ya ƙara da cewa, "Amma Inna, kujerar yanzu a dama take. Me za ki gani daga can?"

"Wannan tsakanina da tsohon ne."

Tambayar ta tsaya mini a rai. Don haka da zan je wurin ƙanwata a Pyin Oo Lwin na ce su rage mini hanya. Suka ɗora ni a gadon baya kamar buhun albasa. Daw Ngwe ta hau da ƙyar tana zagin wanda ya ƙera matakalar, ta rataya furen yasmin a madubi, ta zauna ta gefen daji. Awaki take gani, da masu shanyar barkono, da 'yan babur da ke kutsowa ta gefen da mijinta ba ya gani. Waɗannan kam suna shan faɗa ta taga.

Da muka fara hawan dutse muka tarar da wata tsohuwar tifa tana numfashi da ƙyar. U Tha Din ya bi ta a baya har aka fita daga kwana. Ya leƙa. Titi a gabansa yake tas, ita kuwa ba abin da take gani sai bayan tifa.

"Ma Ngwe, ba kowa."

"Ka duba da kyau?"

"Na duba. Bas ɗaya ce can gaba, ta tsaya ɗaukar mutane."

"To wuce."

Ya taka, muka wuce sumul. Na leƙo da kai tsakaninsu.

"Yaya, don girman furfurarki, me kika gani?"

"Na ga za a sauke wata a tsakiyar dutse in ba ta janye kanta ba. Tsoho, ga wata can gaba mai itace. Kada ka yi gaggawa, sai na faɗa maka."

"To," in ji shi, ya rage giya.